Idan Soja da Farar Hula Suka Raba Mulki, Wa Ke Korar Wa?

Maganar mulkin soja a Bauchi tana da tabo, tana kuma da bashi. Sojoji ne suka kashe Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa a juyin mulkin 15 ga Janairun 1966, kabarinsa yana nan cikin gari ana kai 'yan makaranta ziyara. Soja ne kuma, Janar Murtala Ramat Muhammed, ya raba tsohuwar Jihar Arewa Maso Gabas gida uku ranar 3 ga Fabrairun 1976, Bauchi ta tsaya da ƙafarta, mutanen Katagum da Misau da Ningi suka huta da doguwar tafiya Maiduguri neman sa hannu a takarda. Bayan shekara ashirin, ranar 1 ga Oktoban 1996, Janar Sani Abacha ya yanke Gombe daga Bauchi. Tun bayan Yankin Tsakiyar Yamma da aka ƙirƙiro a 1963, babu gwamnatin farar hula da ta iya ƙirƙiro jiha ko guda. Duk jihohi 36 ɗin nan alƙalamin soja ne ya zana su.

Shi ya sa hirar "gara soja" ba ta mutuwa a nan. Takan lafa in hatsi ya yi araha, ta taso in ya yi tsada. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, bayan wata biyu kuma Janar Abdourahamane Tchiani ya tumɓuke Bazoum a Nijar, ta dawo da ƙarfinta a teburin mai shayi da rumfunan kasuwar Wunti da Muda Lawal. A zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agustan 2024 har an ga matasa a wasu biranen Arewa riƙe da tutar Rasha suna kiran soja su karɓa, alhali yawancinsu ba a haife su ba lokacin da soja suka koma bariki a 1999. Zafin yunwa ne ke magana a bakinsu, kuma ana iya fahimtarsa. Wanda ya fi ba ni aikin tunani shi ne dattijon da ya yi aikin gwamnati a ƙarƙashin kantomomi da gwamnonin siyasa duka, ya ga na kowa, sannan ya ce maka a natse: "Ni ban ce a miƙa wa soja duka ba. A haɗa su. 'Yan siyasa su riƙe majalisa da ma'aikatu, soja su tsaya a gefe da bulala, in an karkace su miƙar."

Magana ce mai kama da hankali, kuma manyan mutane sun taɓa yin ta. Amma kafin a auna ta, sai an fara gane daga ina ƙarfin shugaban soja yake fitowa. Babu wanda ya fi Murtala dacewa a duba, tunda shi ne hujjar farko da kowa ke jawowa.

Ya hau a ƙarshen Yulin 1975, Gowon yana Kamfala wajen taron Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka. Ƙasar da ya tarar ta cushe. Ɗaruruwan jiragen ruwa ɗauke da siminti sun toshe tashar Legas ana biyan su kuɗin jira, ƙidayar 1973 ta zama abin rigima, gwamnonin soja sun daɗe a kujera har sun zama sarakunan yanka, Gowon kuma ya fito a Oktoban 1974 ya ce alƙawarin miƙa mulki a 1976 ba mai yiwuwa ba ne. Murtala ya sauke gwamnonin sha biyu gaba ɗaya, aka bincike su, aka samu goma da laifi. Ya soke ƙidayar 1973. Ya tsayar da ranar 1 ga Oktoban 1979 a matsayin ranar miƙa mulki, ya kafa kwamitin rubuta tsarin mulki a ƙarƙashin Rotimi Williams. Ya ba kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda aikin neman sabon babban birni, daga nan Abuja ta samo asali. A rikicin Angola ya goyi bayan ƙungiyar 'yan gwagwarmaya ta MPLA, ya je Addis Ababa a Janairun 1976 ya faɗa wa Amurka a bainar jama'a cewa Afirka ta wuce a riƙa ba ta umarni. Duk wannan cikin kwana kusan ɗari biyu. Ba ya yawo da jiniya da ayarin motoci, kuma wannan sauƙin kan ne ya ba mutanen Laftanar Kanar Buka Suka Dimka damar harbe shi a cunkoson motocin Legas ranar Juma'a 13 ga Fabrairun 1976, kwana goma kacal bayan ya ba Bauchi jiha.

Wannan duka gaskiya ne, kuma wanda ya ce ba abin yabo ba ne ya so zuciyarsa. Sai dai a tambayi tsoffin ma'aikata labarin kora. Sama da ma'aikatan gwamnati 10,000 aka sallama cikin 'yan watanni, mutum yana zaune a gida zai ji sunansa a rediyo an ce ya bar aiki nan take. Wasu ɓarayi ne da suka cancanci fin haka. Wasu an ce lalaci, wasu tsufa, wasu rashin lafiya, kuma da yawa ba a kira su an ji ta bakinsu ba. Tunda shugabannin ma'aikatu aka ce su kawo sunaye, wanda ke da jikakkiya da na ƙasa da shi ya samu dama. Ko Alƙalin Alƙalan ƙasa, Taslim Elias, bai tsira ba; an sauke shi a 1975, shi ne kuma daga baya ya zama shugaban Kotun Duniya da ke birnin Heg. Darasin da waɗanda suka rage a ofis suka ɗauka ya saɓa da wanda Murtala ya yi nufi. Sun gane cewa aikin gwamnati ba shi da tabbas, gaskiyarka ba lallai ta cece ka ba, don haka kowa ya tanadi na gobe tun yana kan kujera. Na yarda da masu cewa daga nan aikin gwamnati ya fara rasa mutanen da ke iya kallon shugaba su ce "ranka ya daɗe, wannan ba daidai ba ne."

Halin nan ba a kujerar mulki ya fara ba. A yaƙin basasa, yana jagorantar Runduna ta Biyu, ya dage sai ya ƙetare Kogin Kwara daga Asaba zuwa Onica cikin jiragen ruwa duk da shawarar hedikwatar soja a Legas, aka yi asarar sojoji masu yawa. A Asaba ɗin ne kuma, a Oktoban 1967, sojojin rundunarsa suka kashe ɗaruruwan fararen hula, abin da ba kasafai ake ambata a hirarmu ta Arewa ba. Zafin naman da ya haifi Abuja shi ya jefa sojoji cikin kogi, domin hali ɗaya ne. Mutumin da ba ya jiran shawara, in ya dace yakan yi cikin wata bakwai abin da majalisa ba za ta yi cikin shekara bakwai ba, in kuma ya kuskure babu mai riƙe hannunsa.

Akwai wani abu da ya faru ranar da aka naɗa shi wanda ya kamata masu son haɗaka su riƙe. Hafsoshin da suka shirya juyin, irin su Shehu Musa 'Yar'aduwa da Joe Garba, sun san halin mutumin. Sai suka gindaya masa sharaɗi: zai yi mulki tare da Obasanjo da Ɗanjuma, kuma Majalisar Ƙoli ta Soja za ta iya taka masa birki in kashi biyu cikin uku na 'ya'yanta sun ƙi. Ya fusata da farko, da ƙyar aka shawo kansa. Ke nan sojojin da kansu ba su yarda a bar mutum ɗaya ba linzami ba. Linzamin kuma ya yi tasiri ne saboda masu riƙe da shi suna da bataliyoyi a bayansu. Da Malam Aminu Kano ne ya kawo wannan sharaɗi, da an gode masa an raka shi bakin ƙofa.

Asirin saurin soja yana cikin dokar soja. Abu na farko da kowace gwamnatin soja ke yi shi ne dakatar da sassan tsarin mulki, ta haɗe ikon yin doka da na zartarwa a hannu ɗaya, sannan ta rubuta a cikin dokokinta cewa babu kotun da ke da hurumin sauraron ƙara a kansu. Da irin wannan alƙalami Buhari da Idiagbon suka sa mutane bin layi da sharar gari a 1984, abin da har yau ake tunawa da sha'awa. Da shi kuma aka yi Doka ta 2 mai tsare mutum ba shari'a, da Doka ta 4 da ta ɗaure 'yan jarida Tunde Thompson da Nduka Irabor, da Doka ta 20 da aka mayar da ita baya aka harbe mutum uku a 1985 kan laifin ƙwaya da suka aikata tun hukuncinsa bai kai kisa ba. Mu nan mun ɗanɗana namu: a 1984 aka wayi gari Jami'ar Fasaha ta Tarayya da Shagari ya kafa a Bauchi ta koma reshen Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ba a tambayi kowa ba, sai a 1988 ta dawo da cin gashin kanta da sunan Tafawa Ɓalewa. Da marigayi Buhari ya dawo ta akwatin zaɓe a 2015, da ruwan ƙuri'un Bauchi da Gombe, mutumin dai shi ne, amma sai da ya shafe kusan wata shida kafin ya naɗa ministoci. Abin da ya ɓace shi ne dokar sojan.

To, ko za a iya ɗebo wannan sauri a zuba a gwamnatin da ke da majalisa da kotu? Dakta Nnamdi Azikiwe ya ce za a iya. A wata lacca da ya yi a Legas a 1972, ya ba da shawarar a kafa gwamnatin haɗin gwiwa ta shekara biyar, shugabannin rundunoni su zauna a majalisar ministoci da ikon hawa kujerar na-ƙi a kan wasu al'amura, daga baya a yi ƙuri'ar raba gardama. Dalilinsa ba na wauta ba ne. Gani ya yi soja sun ɗanɗana mulki, ko an kore su za su dawo ta taga, gara a ba su kujera a cikin ɗaki bisa doka. An yi masa ca a lokacin. A Gana, Janar Acheampong ya ɗauki irin wannan tunani ya kai shi ƙuri'ar raba gardama a Maris na 1978, aka yi ta zargin maguɗi, kafin watan Yuli ya ƙare abokan aikinsa sojoji sun sauke shi.

Abin da ake mantawa shi ne, lokacin da Azikiwe ke wannan magana Najeriya tana cikin wani nau'in haɗakar. A Yunin 1967, yaƙi na ƙofa, Gowon ya kira manyan 'yan siyasa ya ba su ma'aikatu. Obafemi Awolowo ya riƙe kuɗi, shi ne kuma mataimakin shugaban majalisar zartarwa. Malam Aminu Kano ya riƙe sadarwa, daga baya lafiya. Akwai Joseph Tarka da Anthony Enahoro, Shehu Shagari ya shigo a 1970. Ba a taɓa tara irin waɗannan ƙwararru a gwamnatin soja ba, kuma sun yi aiki. Har yau ana yaba wa Awolowo cewa ya riƙe baitulmali har aka gama yaƙi ba tare da ƙasa ta nutse a bashin waje ba. In haɗaka tana da zamanin zinariya, wannan ne. Amma dukansu a ƙasan Majalisar Ƙoli ta Soja suke, kuma abubuwa biyu sun nuna iyakarsu.

Na farko shari'ar Lakanmi ce a 1970. Kotun Ƙoli ta yanke cewa gwamnati ba ta da ikon ƙwace dukiyar mutum da dokar soja ba tare da shari'a ba. Ba a yi wata ɗaya ba aka fito da Doka ta 28 wadda ta shafe hukuncin, ta kuma haramta wa kotuna sake taɓa irin wannan magana. Manyan lauyoyi da 'yan gwagwarmaya suna zaune a majalisar zartarwa aka yi haka. Na biyu ya faru a 1974. Godwin Daboh ya yi rantsuwa a kotu yana zargin Tarka da cin hanci, matsin lamba ya yi yawa, Tarka ya ajiye aiki. Ba a jima ba Aper Aku ya yi irin wannan rantsuwa a kan gwamnan Binuwai-Filato, Joseph Gomwalk, ɗan sanda mai kaki kuma ɗan Majalisar Ƙoli. Gowon ya wanke gwamnan, Aper Aku ne ya kwana a tsare. Gwamnati ɗaya, zargi iri ɗaya, shekara ɗaya, mai babbar riga ya tafi, mai kaki ya zauna. Awolowo dai tun 1971 ya tattara takardunsa ya bar musu.

Babangida ne ya kai gwajin ƙarshensa, kuma shi ne gwajin da mutanen Bauchi da Gombe suka gani da idonsu. Shi ma ya san zaɓen mutane. Olikoye Ransome-Kuti ya kafa harsashin kiwon lafiya matakin farko, Jibril Aminu ya kawo makarantun 'ya'yan makiyaya, Abubakar Habu Hashidu, wanda daga baya ya zama zaɓaɓɓen gwamnan Gombe na farko, minista ne a gwamnatin. Sannan ya gina siyasa daga ƙasa da hannunsa. Ya ƙirƙiro jam'iyyu biyu, SDP da NRC, a 1989, ya rubuta musu manufofi, ya gina musu ofisoshi a kowace ƙaramar hukuma. Aka zaɓi ciyamomi a 1990, gwamnoni a Disamban 1991. A Janairun 1992 Alhaji Ɗahiru Mohammed Deba na NRC ya shiga gidan gwamnatin Bauchi da ƙuri'ar jama'a, da majalisar dokokinsa. A Yulin shekarar aka zaɓi 'yan Majalisar Tarayya. A sama kuma Janar yana zaune. Wannan ita ce ainihin siffar da dattijon namu ke nema: farar hula na aiki, soja na sa ido.

Ga yadda ta kaya. Majalisar Tarayya sai a Disamba aka rantsar da ita, bayan an fito da dokar soja da ta hana ta taɓa yawancin manyan al'amuran ƙasa. Zaɓen fid da gwani na shugaban ƙasa da aka yi a 1992, wanda Shehu 'Yar'aduwa ke kan gaba a SDP, Adamu Ciroma da Umaru Shinkafi ke fafatawa a NRC, an soke shi, aka haramta wa 'yan takara 23 sake tsayawa. Ranar miƙa mulki ta tashi daga 1990 ta koma 1992, ta koma Janairun 1993, ta koma Agusta. Aka yi zaɓen 12 ga Yuni, aka soke shi ranar 23. Mukan ɗauki wannan a matsayin rigimar Abiola da Yarbawa, mu manta cewa ƙuri'ar da mutumin Darazo ko Dukku ya bi layi cikin rana ya jefa wa Bashir Tofa ita ma a kwandon shara ta ƙare. Gwamnoni talatin zaɓaɓɓu, da sanatoci da wakilai, babu wanda ke da wata takarda da zai ɗaga ya ce Janar ya wuce gona da iri, domin Janar ɗin ne ya rubuta takardar da ta ba su kujerun.

Babangida ya matsa gefe a Agusta ya bar Ernest Shonekan a kan gwamnatin riƙon ƙwarya, ya bar masa Abacha a ma'aikatar tsaro. Ba a cika wata uku ba, ranar 17 ga Nuwamba, Abacha ya karɓi takardar murabus ɗin Shonekan, ya rushe gwamnoni da majalisu da jam'iyyun baki ɗaya. Ɗahiru Deba bai cika shekara biyu ba aka aiko kantoma. Abacha ma da 'yan siyasa ya buɗe: Babagana Kingibe, mataimakin Abiola a takara, ya zama ministan harkokin waje, ga Abubakar Rimi, ga Lateef Jakande, ga Adamu Ciroma. Da ƙafarsa ta kafu, a farkon 1995, ya rushe majalisar ministocin. 'Yar'aduwa, wanda ya taɓa gindaya wa Murtala sharaɗi, a kurkukun Abakaliki ya rasu a Disamban 1997. Mutanen Gombe suna da dalilin tuna Abacha da alheri, haka duk wanda ya ga hanyoyi da magungunan PTF, asusun rarar kuɗin man fetur da ya kafa. Kuɗin da Suwizalan da Amurka da tsibirin Jasi suka yi ta dawo wa Najeriya da su shekara da shekaru su ma nasa ne.

Lamarin kamar mutum biyu ne suka haɗa jari suka buɗe shago, aka rubuta yarjejeniya da shaidu, amma makulli yana aljihun ɗaya kaɗai. Muddin ana ɗasawa, kowa abokin tarayya ne. Ranar da aka saɓa, ɗaya zai zo da safe ya tarar da ƙofa a garƙame, takardarsa a hannu. Duk wani tsarin raba mulki, tambayar da ke fayyace shi ita ce wa ke iya korar wa. In shugaban farar hula zai iya sauke babban hafsa ya kwana lafiya, mulkin farar hula ake yi, ko da janar-janar nawa ne a majalisar ministoci. In babban hafsa ne ke iya sauke shugaba, mulkin soja ake yi, ko da zaɓe nawa aka gudanar.

Sudan ta rubuta nata a takarda dalla-dalla, fiye da duk abin da muka taɓa yi. Bayan faɗuwar Umar al-Bashir a 2019 aka kafa majalisar mulki mai mutum 11, soja biyar, farar hula biyar, ɗaya na yardar kowa. Soja za su shugabance ta wata 21, farar hula su karɓa na wata 18, Abdalla Hamdok yana firaminista. Da lokacin karɓar farar hula ya matso, ranar 25 ga Oktoban 2021, Janar Burhan ya tsare Hamdok. Bayan shekara ɗaya da rabi janar-janar ɗin biyu, Burhan da Hemedti, suka juya wa juna bindiga, Khartum ta zama kufai. A Bama, ƙasar da kakanninmu suka je yaƙin Turawa, tsarin mulkin 2008 ya ware wa soja kashi ɗaya cikin huɗu na kujerun majalisa da ma'aikatu uku, tsaro da cikin gida da kan iyaka. Duk da haka, da zaɓen 2020 bai yi musu daɗi ba, suka kwashe komai a Fabrairun 2021. A Mali, shugaban riƙo Bah Ndaw ya yi garambawul ya cire kanar biyu daga ministoci a Mayun 2021, a ranar aka kai shi bariki.

Akwai inda abin ya ƙare lafiya, kada a ce na ɓoye. A Indunusiya soja sun daɗe da kujerun da aka ware musu a majalisa, aka yi ta rage su bayan faɗuwar Suharto har suka ƙare a 2004. A Chile, Pinochet ya sauka a 1990 amma ya ci gaba da riƙe rundunar soja, sai a gyaran tsarin mulki na 2005 shugaban ƙasa ya dawo da ikon sauke kwamandoji. A duka biyun, haɗakar matakala ce ta saukowa ga sojan da ya riga ya hau sama, ana lallaɓa shi ya sauko a hankali. Mu namu sun sauko tun 1999. Abin da ake nema a nan shi ne a jingina musu matakalar su sake hawa rabin hanya.

Sannan in an ce "soja", wane soja? Masu wannan fata kullum Murtala suke hangowa, ko Buharin 1984, wato namu, mai gaskiya, mai jin Hausa. Bariki ba ta ba da wannan tabbaci. Ranar 22 ga Afrilun 1990 Manjo Gideon Orkar ya shiga gidan rediyo a Legas ya sanar da kifar da Babangida, a cikin jawabin kuma ya ce an cire jihohi biyar daga Najeriya: Sakkwato, Borno, Katsina, Kano da Bauchi, wadda a lokacin ta haɗa da Gombe. Da ya yi nasara, da shi ma "soja" ne, da dokarsa ma babu kotun da za ta taɓa. Cikin shugabannin soja takwas da aka yi, an kashe Ironsi da Murtala, an hamɓarar da Gowon da Buhari, Babangida ya fita ba don yana so ba, Abacha ya mutu a kujera jam'iyyu biyar sun tsayar da shi ɗan takara shi kaɗai. Obasanjo da Abdulsalami ne kawai suka miƙa bisa alƙawari. Kujerar da za a ware wa babban hafsa a tsarin mulki za ta zama abin farauta a cikin rundunar kanta, kowane kanar ya san hanyar mulki ta bi ta ofishin maigidansa.

Duk wannan bai wanke 'yan siyasa ba, kuma kukan dattijon namu yana da tushe. Abin da yake nema a zahiri shi ne wani wanda gwamna zai ji tsoro. Majalisun jihohi sun zama 'yan amshin Shata. Kuɗin ƙananan hukumomi sai da Kotun Ƙoli ta yi hukunci a Yulin 2024 cewa a daina riƙe musu. Amma in aka bi salsala, da yawa daga wannan hali gadon bariki ne. Tsarin mulkin 1999 kansa da Dokar Soja ta 24 aka kafa shi. Dokar mallakar ƙasa ta 1978, wadda ta damƙa filayen jiha a hannun gwamna, ta gwamnatin soja ce aka cusa ta cikin tsarin mulki yadda taɓa ta sai an sha wuya. Gwamnan da ke rushe zaɓaɓɓun ciyamomi ya naɗa 'yan riƙo, aikin kantoma yake yi da babbar riga. Kusan shekara 29 na mulkin soja su suka koya wa ofisoshinmu cewa umarni daga sama yake saukowa, na ƙasa nasa "an gama, ranka ya daɗe."

Soja kuwa suna da kujerarsu a teburin shawara tun yanzu. Tsarin mulki ya kafa Majalisar Tsaron Ƙasa inda babban hafsan tsaro da shugabannin rundunonin ƙasa da ruwa da sama ke zama da shugaban ƙasa. Tsofaffin janar-janar biyu, Obasanjo da Buhari, sun yi shekara 16 suna mulki cikin farar hula tun 1999. Sojoji suna aikin cikin gida a yawancin jihohi, mu da muka ga farkon rikicin Boko Haram a Bauchi a Yulin 2009 mun san shingayensu. Bulalar da ake so a miƙa musu tana buƙatar mai riƙe ta ya kasance ba ya cikin masu laifi, nan kuma gizo ke saƙar. A Fabrairun 2015 mayaƙan Boko Haram suka kutsa Gombe suna watsa takardun gargaɗi kada kowa ya fita zaɓe, a daidai lokacin da ƙananan sojoji ke kukan ƙarancin makamai, har an gurfanar da wasu a kotun soja kan ƙin fita fagen daga. A ƙarshen shekarar aka buɗe binciken kuɗin makamai, dala biliyan 2.1 da aka ce sun bi ta ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Waɗanda aka gurfanar a wannan bincike da waɗanda suka biyo bayansa sun haɗa da tsohon babban hafsan tsaro, da manyan hafsoshin sojan sama, da tsofaffin gwamnoni da ministoci da jiga-jigan jam'iyya, wasu a takardar tuhuma ɗaya.